Shekarun da ruwa ya yi yawa: tarihin hadari a ƙasar Mayahi da Tasawa

 Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi ɗakin da kowannenmu zai kwana a ciki damanar bana.

In ka tambayi dattijo a ƙasar nan shekarun wahala, da sunayensu zai jero maka su. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da kakanni suka bar labarinta. Akwai farin 1973. Akwai El Buhari ta 1984, wadda ta ci sunan shugaban Najeriya na lokacin saboda ya rufe iyaka daidai sa'ar da talaka ke neman hatsi. Dukansu rashin ruwa ne ya kawo su, shi ya sa tsoronmu kaf ya koma kan fari. Roƙon ruwa muka iya. Ko a gaisuwa, in aka ce maka "ina ruwa?" amsa ɗaya ce, "ya yi gyara", ko da kuwa daren jiya katangarka ta kwanta. Amma ƙasar nan tana da wani tarihin na biyu da ba a cika ba da shi ba, na shekarun da hadari ya zo da ƙarfin da ya fi na mutane. Ni a ganina farin da aka sha tsakanin 1968 da 1984 ne ya mantar da mu shi, kuma kuɗin wannan mantuwar muke biya yanzu.

Bari mu fara da yadda hadari yake zuwa mana, don daga nan dabarar magabata ta fito. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake haɗuwa, ya nufi yamma. Za ka ga gari ya yi tsit, zafi ya tsananta, sai gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Ƙura ce a gaba, iska na bin ta, ruwa na baya. Wani lokaci ma iskar kaɗai za ta zo ta yi ɓarnarta ta wuce babu ko ɗigo, irin holoƙon nan da ake kira hadarin kaka. Tun da an san ta inda abokin gaba ke ɓullowa, sai aka ba shi baya. Ku duba tsofaffin gidaje, da wuya ka ga ƙofar ɗaki tana kallon gabas. Bangon gabas shi ke shan duka, don haka shi ake fara yi wa yaɓe kafin ruwan farko. Ɗakin da aka fi yi a ƙauye kago ne, zagayayye, da jinkar ciyawa mai tsini. Iska ba ta samun kusurwar da za ta kama, ruwa kuma ba ya kwana a kansa. In ma jinkar ta tashi, maƙwabta su taru su ɗauko ta su mayar kafin la'asar, ba a binne kowa ba. Rumbu a kan duwatsu ko itace ake ɗora shi, ƙasansa iska na wucewa. Gari kuwa a kan tudu ake kafa shi. Fadama da bakin tabki na dawa ne da dabbobi da masu ɗibar ƙasar gini.

Inda aka saɓa wa wannan ƙa'ida ta tudu, akwai dalili. Maradi ce babban misali. Lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka rasa birninsu a jihadi, suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maradi wajen 1819. A cikin kwarin gulbi garin yake, tsakiyar kurmi, domin a zamanin yaƙi duhun itace garkuwa ne daga mahayan Sakkwato. An fi shekara ɗari a nan. Yaƙi ya ƙare, dalilin zama a kwari ya gushe, amma gari ya riga ya kafu, ga kasuwa, ga kushewar iyaye. Sai a 1945 Gulbin Maradi ya cika ya batse, ya shiga gari ya rushe gidaje masu yawa. Turawan Faransa suka ce ba za a sake gini a wurin ba, aka kwashe garin aka hau tudu, aka yanka tituna masu faɗi miƙaƙƙu, aka yi wa fadar sarki fili a gabanta. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, 'Yandaka, Maradawa da Ɗangulbi suna riƙe da sunayensu har yau. Kada wani ya ɗauka tausayi zalla ne ya sa Nasara ya yi haka. Garin da aka shata da igiya ya fi sauƙin ƙidaya da karɓar haraji, ga cinikin gujiya da ke neman fili. Duk da haka, Maradin da muke zuwa kasuwa yau ruwa ne ya zaɓa mata wurin zama.

Shekara takwas bayan haka aka yi wadda ta fi shafar mu mutanen ƙauye. Shekarun 1950 su ne mafi ruwa da yankin Sahel ya gani a ƙarnin da ya wuce, kuma damanar 1953 ta wuce misali. Abin da ya biyo baya yunwa ce, wadda a ƙasar Hausa, Nijar da Najeriya, aka sa wa suna Muda. Wani mai bincike, John Grolle, ya yi nazari a kanta ya buga a 1997, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne wannan: yunwa ce da yawan ruwa ya haddasa.

Manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Hatsi ɗan jigawa ne, yana son ruwa ya zo ya wuce, rana ta fito. In malka ta kafe kwana da kwanaki, saiwarsa ta zauna cikin ruwa, sai ganye ya yi ɗorawa, kara ya tsaya. Ƙasarmu ta rairayi ba ta riƙe taki, ruwa mai yawa wanke ta yake ya tafi da ɗan abin da ke ciki. Ciyawa kuwa bikinta ke nan, kuma ba a shiga gona da hauya cikin caɓi, kafin ƙasa ta sha iska ta riga ta rufe shuka. In ruwan ya dace da lokacin da hatsi ke bununi, sai ya kakkaɓe shi, zangarniya ta fito doguwa ba ƙwaya. Ga rumbun da ke riƙe da hatsin bara yana jiƙa ta ƙasa. Wanda ke zaune a ofis yana duba ma'aunin ruwa kaɗai, shekarar albarka zai rubuta. Mai gona ne ya san ba haka ba ne. Zuwa bazarar 1954 hatsi ya yi tsada ya ɓuya, aka koma ga garin rogo da ake kawowa daga kudu, har a yammacin Nijar Zabarmawa suka sa wa shekarar sunan garin rogon. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa da ta haura tamanin a gida, ya zauna ya tambaye ta Muda tun tana nan.

A waɗancan shekarun na ruwa gonaki suka yi ta hawa arewa, ana sare daji ana kafa tunga, har gwamnati ta yi dokar 1961 da ta shata iyakar noma don a bar wa makiyaya nasu. Sai kuma sama ta rufe.

Daga 1968 ruwa ya fara ja baya, ya kai maƙura a 1973. Fari ya ci dabbobi, ya ci itace, ya kuma taimaka wajen cin gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Aka ɗan farfaɗo, 1984 ta sake maimaitawa. A wannan tsakanin iska ta zama sarauniya. Itacen da fari bai kashe ba, gatari ya kashe shi, don mai yunwa icce yake sayarwa. Dama kuma tun zamanin gujiya malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, ba kututture. Ga dokar daji da ta mai da itace na gwamnati, har manomi ya gwammace ya tumɓuke ɗan tsiro tun yana ƙarami da ya girma ya jawo masa tarar ma'aikatan daji. Gonaki suka zama fili fetal. In hadarin farkon damana ya taso, iska ta kwashi rairayi ta yi ta zabga wa yabanya kamar bulala, ko ta binne ta ɗungum. Manoman yankin Maradi sun sha faɗa wa masu bincike cewa a lokacin sai an yi shuka sau biyu, sau uku, har huɗu kafin ta kama. Ku lissafa irin da ya salwanta, da kwanakin damana da suka tafi, a ƙasar da damanarta duka-duka wata uku ce.

Wani abu kuma ya faru a cikin gari a shekarun nan, a hankali, ba wanda ya sa masa suna. Tabkunan da suka saba cika suka shekara goma, ashirin, ba su cika ba. Hanyoyin ruwa suka bushe har yara suka tashi ba su san hanyar ruwa ba ce. Jama'a kuma na ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi kaɗai, kwatankwacin mutanen Nijar baki ɗaya lokacin samun 'yanci. Ina za a sa su? Sai aka gangara. Aka yi gida a tsohuwar fadama, aka cike kududdufi da shara aka yanka fuloti a kai. Ginin ma ya sake. Kago ya zama abin kunya, saurayi ba ya kai amarya ɗakin ciyawa. Aka koma shigifa mai rufin ƙasa, wanda ya dawo daga ci-rani da ɗan abin hannu kuma ya sa kwano. Ba laifi ba ne mutum ya so ɗaki mai faɗi da ba ya cin wuta. Amma shigifa nauyin ƙasa take ɗauke da shi a bisa kan masu barci, kuma azarar giginya mai ƙarfi da ake yi da ita dā ta yi wuya, sai ɗanyen bedi da duk abin da aka samu. Kwano kuma in ba a ɗaure shi da ƙarfe cikin gini ba, duwatsu kawai aka jera masa, iskar gabas ɗaga shi take kamar faifai, ta je ta sare wani da shi.

Ta fannin iska dai, manoman ƙasar nan sun yi abin da duniya ta zo kallo. Gwamnati ta gwada nata: an mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace, an yi babban taron yaƙi da hamada a Maradi a watan Mayun 1984. A kwarin Majiya ta jihar Tawa, tun 1975 ƙungiyar CARE ta jera layukan bedi don tare iska, kuma sun yi amfani. Amma yawancin dashen da aka yi a wurare da dama mutuwa ya yi. Abin da ya kama shi ne wanda bai buƙaci gandun reno ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace bazara lokacin sassabe ba ciyawa ba ce, kututturan itace ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka datse sauran, cikin 'yan shekaru itace ya tashi. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga shukarsu ta tsira daga iska, ga icce, ga abincin dabbobi, sai maƙwabta suka fara kwaikwayo ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba. Shi ne sassaben zamani. Ɗan Saga ta gundumar Agye ta yi suna a kai, har da kwamitin tsaron itace na gari. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na dā da na baya, suka kiyasta hekta wajen miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, da gorubar Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi. Ba Bature ne ya koya wa Bahaushe darajar gawo ba, kakanni sun san ta. Abin da ya sake shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne.

To amma itacen gona ba ya hana bango jiƙa.

Ruwa ya dawo tun daga shekarun 1990, sai dai da wani hali. Ba ya yawan zuwa kamar na 1950, amma in ya zo sai ya juye gaba ɗaya. Masana a Ingila, ƙarƙashin Christopher Taylor, sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka buga a 2017 cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, kuma wannan bambancin ne ke ƙara wa hadari ƙarfi. Ƙasar da ruwan ke sauka a kai ita ma ba ta dā ba ce. Inda fari da gatari suka bar fako, ruwa ba ya nutsewa, gudu yake, ya haɗu ya zama ƙorama, ya nemi tsohuwar hanyarsa. Ya tarar da gida a kai.

A watan Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40 a Jibiya, gulbi ya kwaso wasu gawarwakin har cikin Nijar. A 2020 kogin Kwara ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, jihar Maradi kuma tana cikin waɗanda suka fi asarar gidaje. Sai 2024, wadda ba sai an tuna wa kowa ba. Ranar Juma'a 30 ga Agusta aka ba da rahoton ruwa wajen milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi a birnin Maradi, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da garin ke samu a shekara, mutum 15 suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Zuwa ƙarshen damana hukuma ta ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu a faɗin ƙasa, da fiye da miliyan ɗaya da rabi da abin ya shafa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Komawa lakwal da aka shirya 2 ga Oktoba sai da aka ɗage zuwa 28, don wasu azuzuwan sun faɗi, wasu kuma iyalai ne ke kwana a ciki.

Adadin nan na rediyo ba ya faɗin abin da ke biyo baya a gida irin namu. Ɗaki ya faɗi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya riga ya yi ƙasa, kuma ba a yin tubali sai ruwa ya ɗauke. Ke nan wata biyu ko uku iyali na raɓe a zauren wani ko ƙarƙashin tamfal, daidai lokacin da sauro ya fi yawa, yara na ta zazzaɓi. Mai gida ya bar noma ya koma tonon kaya cikin laka. Akuyar da uwargida ke ajiye don haihuwa ko biki ita ake fara kaiwa kasuwa, in ma hanya ta bari a kai ta, domin mu da ke nesa da kwalta mun san yadda mota ke kwana cikin caɓi, mai naƙuda kuma a koma da ita kan amalanke. Masai ya cika ya haɗu da ruwan rijiya. Kaka na yi, saurayin gidan ya ɗauki jaka ya tafi neman kuɗin kwano. Asarar dare ɗaya sai ta ci shekara biyu ana biyanta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke karɓar wannan kamar baƙon da ba a san da zuwansa ba. Tun kafin damana cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da ma'aikatar hasashen yanayi suna fitar da hasashen shekara, rediyon gari na karantawa da Hausa. Tun da aka kafa kananan hukumomi irin tamu ta Isawan a 2002, aka yi zaɓen farko a 2004, akwai hukuma a kusa da za ta iya cewa nan hanyar ruwa ce, ba a gini. Ba na cewa a yi irin na 1945, a tashi mutane da sanda. Wanda ya gina a kwari yawanci ba shi da wani wurin ne, kuma in za a ce ya tashi sai an nuna masa inda zai koma. Amma sabon fuloti a cikin tsohon tabki, wannan da sanin masu rabawa ake yi. Dattawan da suka ga ruwan 1953 da idonsu suna iya nuna iyakar inda ya tsaya, gari da gari, kuma ba su da yawa da suka rage. Sassaben zamani ya yi nasara ne don kowane manomi ya iya yinsa shi kaɗai a gonarsa. Ruwan cikin gari ba ya karɓar wannan, domin in ka tare shi a ƙofarka da buhun rairayi, gidan maƙwabcinka ka tura shi. Sai unguwa ta fito gayya ta yashe masa hanya tun daga sama har inda zai zube, kuma tun watan Mayu, ba ranar da gabas ta yi baƙi ba.

Akwai kuma abin da magina suka sani, wanda ya kamata kowace uwa ta sani. Bangon ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba, daga gindi ne. Ruwan da ya kwanta a jikinsa shi ke hawa a hankali ya jiƙa tubalin ƙasa, rufin da ya sha ruwa kuma nauyinsa ya ƙaru. Shi ya sa sau da yawa ɗaki ba ya faɗuwa lokacin da ake tsuga ruwan, sai an ɗauke, gari ya yi sanyi, kowa ya ce alhamdu lillahi ya koma ya kwanta. In kun ga damshi ya hau bango ya kai gwiwa, ko tsaga ta buɗe a kusurwa, ko indararo ya toshe ruwa ya kwana a bisa, a fitar da yara da tsofaffi daren nan, su kwana a rumfa ko a gidan maƙwabci, a bar kayan sai da safe.